Wa Zai Gaji Masu Binciken Irin Ciyawa?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk mai sana'ar dabbobi a Kurmi, ko yana Kara ta bakin Ikko, ko Alaba Rago, ko Akinyele ta Badun, ko Lokpanta ta Jihar Abiya, ya san rabin ribarsa tana cikin abin da dabbar za ta ci kafin mai saye ya zo. Rago in ya kwana goma a turke ba a taya ba, to ya fara cin uwar kuɗi. Shi ya sa da Babbar Salla ta matso sai ka ga manyan motoci sun taso daga Kano da Katsina da Jigawa, ba su ɗauke da komi sai harawa da kowa da dusa, su yi tafiyar kusan kilomita 1,000, su ratsa ƙasar da kusan kullum take kore shar, domin su kai wa dabbobi abinci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ciyawa suna ta tara, kuma wadda ke sa dabba ƙiba tana da wuyar samu.

Maganar ta wuce ta ciniki. A shekarar 2016 Jihar Ekiti ta yi dokar taƙaita kiwo, a 2017 Binuwai ta hana kiwon sake ɗungum, a 2019 Oyo ta yi tata. Ranar 11 ga Mayu, 2021, gwamnonin jihohin Kudu suka taru a Asaba suka ce ba su yarda da yawon kiwo a ƙasarsu ba, kuma a watan Satumba na wannan shekara Ikko ta sa hannu a kan tata dokar. 'Yan'uwanmu na Badun ba su manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021 ba, lokacin da zukata suka riga suka yi zafi a kan maganar makiyaya, har ƙaramar rigima ta zama gobara, wanda bai taɓa riƙe sandar kiwo ba ya yi asarar rumfarsa. Sabo da haka duk abin da ya shafi cikin saniya ya shafi zaman lafiyar mai sayar da albasa a Mil 12 da mai gadi a Fatakwal.

An ce a killace shanu. To, madalla. Amma me za su ci a cikin shingen? Saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar wajen kilo 6 na busasshen abinci kowace rana. Garken shanu 100 ke nan zai ci kilo 600 a yini, kuma kafin a fita wata shida na rani ya cinye fiye da tan 100. Wannan abinci sai an noma shi, nomansa kuwa sai da iri, irin kuma sai da mutanen da suka san yadda ake zaɓensa da kyautata shi da yaɗa shi. A nan ne nake ganin mun yi sakaci, kuma ra'ayina shi ne, hanya mafi sauƙi da araha ta gyara wannan sakaci ita ce a ɗauki watannin da ɗalibanmu na aikin gona ke yi na sanin makamar aiki, a mai da wani kaso nasu gonakin binciken ciyawa da shuke-shuken rufe ƙasa, a riƙe su da kyau tun daga shuka har girbi.

ABIN DA AKE NUFI

Bari in ɗan yi bayani domin waɗanda suka daɗe da barin gona. Shukar rufe ƙasa ita ce wadda ake shukawa domin ta lulluɓe gona, ta kare ta daga dukan ruwan sama da zafin rana da zaizaya, ta danne muguwar ciyawa, ta kuma bar wa ƙasa taki. Yawancinsu dangin wake ne. A saiwarsu akwai waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle da ƙananan halittu ke zaune a ciki, su ne ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su ba shukar, watau abin nan da manomi ke saye da tsada a buhun yuriya. Iyayenmu ba su san sunan sinadarin ba, amma sun san gonar da aka yi gyaɗa ko wake bara ta fi ba da dawa bana. Kuma galibin waɗannan shuke-shuke abincin dabbobi ne na ƙwarai, domin ganyensu yana da sinadarin gina jiki. Busasshiyar ciyawar daji a tsakiyar rani ba ta wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 na wannan sinadari ba, alhali kuwa saniya tana son wajen kashi 7 kafin ma ta riƙe jikinta. Abin da ya sa ke nan shanunmu ke ƙiba da damina su rame da bazara, shekara ta zagayo a koma inda aka fito.

Shi kuwa mai kyautata iri, aikinsa ya tattaro iri daban-daban, ya shuka su jere, ya ga wanda ya fi ganye, wanda ya fi jure fari, wanda cuta ba ta kama shi, wanda dabba ta fi so. Sa'an nan ya haɗa auren wannan da wancan, ya shuka 'ya'yan, ya zaɓa, ya sāke shukawa, ya sāke zaɓa. Daga ranar da aka yi barbarar farko zuwa ranar da iri zai isa hannun manomi akan ɗauki shekara takwas zuwa goma, wani lokaci fiye. Aiki ne da ba a koyonsa a kan allo. Furen wake, alal misali, da yamma ake buɗe shi da ɗan hantsaki a cire mazan tun bai buɗe da kansa ba, washegari da sassafe a kawo garin furen ɗayan a shafa masa, a ɗaura masa alama. Hannu in ya yi rawa furen ya faɗi. Ba littafin da zai koya wa yatsa wannan, sai an durƙusa a kunya kusa da wanda ya iya.

BA BAƘON ABU BA NE A ƘASARMU

Kada wani ya ɗauka wannan sabon ilmi ne da za mu aro. An kafa tashar binciken aikin gona ta Samaru tun 1922, gonar dabbobi ta Shika kuma tun 1928, dukansu suka shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma ita Shika ce ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, watau NAPRI, a 1976. A nan Kudu kuma an kafa cibiyar IITA a Badun a 1967, kuma a rumbunta na ajiyar iri akwai nau'in wake fiye da 15,000, babu irinsa a duniya.

Ku duba labarin gamba, wadda muke yanka mu yi zana da ita. Masana suka ɗauki irinta daga Shika suka kai ƙasar Kolombiya, suka gwada ta a ƙasa mai tsami wadda ba ta da ƙarfi, suka ga ta yi. A shekarar 1980 aka fitar da ita ga makiyayan Kolombiya da suna Carimagua 1, a wannan shekara kuma Birazil ta fitar da ita da suna Planaltina. A 1984 hukumar binciken gona ta Birazil ta sāke fitar da wata ciyawar mai suna Marandu, wadda asalinta daga Zimbabuwe ne. Yau Birazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman shanu zuwa ƙasashen waje, kuma yawancin ciyawar da aka shuka wa shanun nan 'yar Afirka ce. Ba su fi mu ciyawa ba. Sun fi mu mutanen da suka zauna a kanta shekara da shekaru suna aunawa suna rubutawa.

Mu ma mun taɓa farawa. A farkon shekarun 1980, masana na cibiyar ILCA da ke aiki a Kaduna tare da Fulanin da suka zauna a yankin Kachiya da kewaye sun fito da abin da suka kira rumbun ciyawa. Makiyayi zai kewaye fili kamar hekta 4, ya kwantar da shanunsa a ciki su tattake ƙasar su bar kashi, sa'an nan ya watsa irin wata shuka dangin wake mai suna sitailo, bayan an jiƙa irin a ruwan zafi domin ɓawonsa ya yi laushi. Da rani sai a riƙa shigar da shanu masu ciki da masu shayarwa awa biyu ko uku a rana. An ga shanun sun fi jure rani, 'yan maruƙa sun rage mutuwa, kuma masarar da aka shuka a filin daga baya ta fi ta maƙwabta kyau. Amma abin bai yaɗu yadda aka so ba. Waya ta yi tsada, wutar daji ta ci waɗansu, makiyayi da yawa ba shi da tabbacin filin nasa ne, iri kuma ya yi wuya. Tun kafin wannan ma, wata cutar ganye mai suna antaraknos ta riga ta hallaka waɗansu nau'o'in sitailo da aka shigo da su daga waje, sai da aka koma ga wani mai suna Verano.

A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin kuwa, a ƙarshen shekarun 1980, manoman lardin Mono da tofa ta kore su daga gonakinsu sun rungumi wata shuka mai suna mukuna, 'yar'uwar karara ce amma ita ba ta ƙaiƙayi. Tana yaɗo ta hau kan tofar ta hana ta ganin rana har ta mutu, ganyenta kuma ya ruɓe ya zama taki. Duk wanda ya yi noma a ƙasar Oyo ko Binuwai ko Kogi ya san irin wahalar da tofa ke ba manomi.

A Kano kuma, a shekarun 1990, Dokta B. B. Singh da abokan aikinsa na tashar IITA sun lura da abin da manomanmu suka daɗe da sani, watau manomi ba ya shuka kanannado don ƙwaya kaɗai, harawarsa yake so. Sai suka dukufa wajen fitar da wake mai ba da ƙwaya da harawa gaba ɗaya, suka kuma koyar da shuka layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye, sabo da haka ko ɗan ƙari kaɗan aka samu a harawar kowace gona, in an tara ba ƙaramin abinci ba ne.

To, jama'a, mutanen da suka yi waɗannan ayyuka, waɗansu sun rasu, waɗansu sun yi ritaya, waɗansu sun koma ƙasashensu. Masu kyautata iri da muke da su yanzu yawancinsu suna kan masara da shinkafa da rogo da dawa, domin can kuɗin bincike yake. Wannan ba laifi ba ne, ciki shi ne gaba. Amma gamba da kyasuwa da gadagi da lablab su ma suna bukatar masu tsaya musu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

YADDA AKE ƁATA WATANNIN ƊALIBAI

Tun 1973 hukumar ITF mai hedkwata a Jos ta ƙirƙiro shirin nan na SIWES, domin ɗalibi ya bar aji ya je ya ga yadda ake aiki da hannu. Ɗaliban jami'a sukan yi wata shida. Masu karatun aikin gona kuwa, da yake digirinsu na shekara biyar ne, shekara ta huɗu kusan duk a gona ake son su yi ta. Niyyar tana da kyau ƙwarai. Amma kowa ya san yadda abin yakan kasance ga da yawa daga cikinsu. Yaro zai yi ta yawo da takarda yana neman inda za a karɓe shi, in ya gaji ya sami wani ofis kusa da gida inda zai riƙa sa hannu da safe, ya zauna a benci, a aike shi sayen abinci, ƙarshen wata a buga masa hatimi a littafi. Wanda ya yi sa'a aka kai shi gona, sau da yawa fartanya ake miƙa masa a nuna masa kunya, ya yi ta noma kamar ɗan ƙodago, ba wanda ya gaya masa abin da ake gwadawa a filin ko dalilin gwajin.

Ga kuma matsalar lokaci. Shuka ba ta san kalandar jami'a ba. A Arewa wake yakan shiga ƙasa a watan Yuli ko Agusta, ya yi fure a Satumba, a girbe a Oktoba da Nuwamba, lokacin da gamba da kyasuwa ke fid da kai. Ɗalibin da aka tura daga Janairu zuwa Yuni ba abin da zai gani a Samaru sai kara da ƙura. Yajin aikin malaman jami'a, kamar na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas, ya ƙara rikita lissafin, kowace makaranta da nata lokacin.

Sai maganar guzuri. Shekaru da dama alawus ɗin wannan shiri ya tsaya a kan naira 2,500 a wata, shi ma sai an gama an daɗe kafin ya fito. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a 2025 kuma masu yi wa ƙasa hidima suka fara karɓar naira 77,000. Ɗan talaka da ke zaune a Agege, da me zai je Shika ya kama ɗaki ya ci abinci wata shida? Dole ya zaɓi bencin ofishin da ke kusa da tukunyar uwarsa, kuma ba mai ganin laifinsa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, cibiyoyin bincike, watau Samaru da Shika da IITA da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da makamantansu, su keɓe gurabe na musamman kowace shekara domin ɗaliban da za su yi aiki a kan ciyawa da shuke-shuken rufe ƙasa, a yi shelarsu a fili, a ɗauki yaro bisa ƙwazonsa. Ko goma-goma aka fara da su, a shekara biyar an sami jama'a.

Na biyu, a daidaita lokacin da damina. Ɗalibi ya iso kafin a ja igiya a yanka filin gwaji, kada ya tafi sai an auna girbi an rubuta sakamako. Wanda ya ga farko bai ga ƙarshe ba, labari kawai ya ji.

Na uku, kowane ɗalibi a ba shi ɗan aikinsa da zai amsa tambaya a kai. A ce masa ga nau'in lablab ashirin, kai ne mai su. Ya ƙirga kwanakin da kowanne ya yi kafin fure, ya yanka ya auna shi ɗanye, ya shanya ya sāke aunawa, ya raba ganye da kara domin ganye ne abinci, ya kai ɗakin gwaji a duba ƙarfinsa, ya zuba wa tumaki ya ga wanda suka cinye da wanda suka bari. A ƙarshe ya tsaya gaban malamai ya faɗi abin da ya gano, a kuma sa sunansa a rahoton. Yaron da aka yi wa haka ya ɗanɗana zaƙin bincike, da wuya ya bar shi.

Na huɗu, a fitar da su ƙauye da ruga. Makiyayi ya san ciyawar da ke kawo nono da wadda ke sa zawo, ya san wadda ta ɓace daga dajinsu a cikin shekara ashirin. Dattawan da ke da wannan sani suna ƙarewa, dajin kuma gona da gini suna cinye shi. Da kaka ɗalibai su bi su da 'yan jakunkuna, su tsinko irin gamba da kyasuwa da gadagi daga wurare daban-daban, su rubuta sunan wuri da abin da masu wurin suka faɗa, a kai rumbun ajiya na ƙasa da ke Moor Plantation a Badun. A nan 'yan mata suna da babban rabo, domin yawancin ragunan turka a cikin gidaje suke a hannun mata, su ne masu sayen harawa ɗauri-ɗauri, kuma ɗaliba ce za ta shiga inda aka rubuta ba shiga ta ji ta bakinsu.

Na biyar, a biya su abin da zai riƙe su. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata sukutum domin bunƙasa kiwon dabbobi. In har da gaske ake, to kuɗin riƙe ɗalibai ɗari a gonakin bincike bai kai na taron ƙara wa juna sani guda biyu a babban otal na Abuja ba.

MASU CEWA A'A

Na san akwai masu ja. Wani zai ce, me ya sa za mu jira shekara goma, ba sai mu sayo iri daga Birazil mu watsa ba? A sayo, ba laifi, amma a gwada tukuna. Labarin sitailo da antaraknos ya ishe mu darasi. Gambar nan tamu ma da aka kai arewacin Ostireliya domin kiwo, da ta sami wuri sai ta gagara, ta cika daji, tana haddasa gobara mai cin itatuwa, har a 2012 suka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa. Abin da ya zama alheri a wani wuri yana iya zama masifa a wani. Kuma ko irin waje ne ya karɓe mu, wa zai gwada shi a Sakkwato da Mambila da Ogbomosho, wa zai riƙa noma irin a gida don kada mu riƙa neman dala kowace shekara? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wani kuma zai ce wata shida ba ya mai da yaro masani. Gaskiya ne. Masanin kyautata iri sai ya yi digiri na biyu da na uku, irin wanda ake bayarwa a Zariya ko a cibiyar WACCI ta Jami'ar Gana da aka buɗe a 2007. Amma ta ina za a san wanda ya dace a tura can, in ba a gan shi a kunya ba? Sauran kuma da ba za su zama masana ba, ba su yi asara ba. Daga cikinsu za a sami malamin gona da ya san ciyawa, da mai kula da gandun kiwo, da mai noman iri ya sayar. A 2021 aka sa hannu a kan dokar kare haƙƙin wanda ya fitar da sabon iri, watau yanzu wannan ilmi yana iya zama jari.

Akwai kuma mai cewa ciyawa ba za ta kashe rikicin manoma da makiyaya ba. Shi ma yana da gaskiyarsa. Akwai maganar fili, da burtalin da aka nome, da hurumin kiwo da aka keɓe tun dokar Jihar Arewa ta 1965 aka bar su suka lalace, da ɓarayin shanu, da rashin hukunta mai laifi ko wane ne shi. Iri ba zai gyara waɗannan ba. Amma ko an gyara su duka gobe, ranar da aka ba makiyayi fili aka ce zauna, tambayarsa ta farko ita ce me zan shuka. Kuma manomin da ya shuka mukuna ko lablab ya huta da gonarsa, ya yanka ya sayar wa mai shanu, ya daina ganin saniya a matsayin abokiyar gaba, ta zama mai sayen kayansa. Ciniki yana gyara zama, mu mazauna Sabo mun fi kowa sanin haka.

NAMU RABON

Yanzu bari in juyo gare mu, 'yan'uwana mazauna Kudu, domin ba komi ne za a jira gwamnati ba. Da yawa daga cikinmu muna da 'ya'ya a jami'o'i da kwalejoji, kuma in yaro ya ce an ba shi aikin gona sai ka ga fuskar uba ta canja, shi likita ko lauya yake so. In kuma aka ce ciyawa zai karanta, sai a ce duk wahalar nan a kan abin da Allah ke fitarwa kyauta? Alhaji, dubi littafin cinikinka ka ga nawa ka kashe a kan harawa bara, sa'an nan ka sāke cewa kyauta ce.

'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna da abin da kuɗi ba ya saye. Yaron Sabo yana jin Hausa, yana jin Yarabanci ko Ibo, yana jin Turanci, wani ma har da Fulatanci. Shi ne zai tsaya tsakanin manomin Oke-Ogun da makiyayin da ke gefen gonarsa ya yi wa kowa bayani da harshensa. Kuma makarantun ba nisa gare su ba. Ƙofar IITA tana kan hanyar Oyo, 'yar tafiya kaɗan daga Shasha da Akinyele. Jami'ar Aikin Gona ta Abekuta, wadda aka kafa a 1988, tana da sashe guda na ilmin ciyawa da wuraren kiwo. Na Gabas kuma ga Umudike kusa da su. Shekara nawa muna wucewa ta gaban waɗannan wurare da tirelolin shanu, ba mu taɓa tunanin ɗanmu zai iya shiga ciki ya yi aiki ba?

Shawarata ga sarakunan Hausawa da na Fulani na garuruwan Kudu, da shugabannin ƙungiyoyin dillalan shanu da na tumaki, ita ce kowace babbar kasuwa ta ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu a shekara. In an ba yaro naira 77,000 a wata har wata shida, naira 462,000 ke nan, bai kai kuɗin babban bijimi guda a Kara ba. Kuɗin shiga da ake karɓa a kan kowane kai a mako ɗaya ya biya wannan har da saura. A rubuta wa cibiyar takarda, a ce ga ɗanmu, ga guzurinsa, muna so a koya masa aikin ciyawa, in ya gama ya zo ya tsaya gaban 'yan kasuwa ya gaya mana abin da ya gani da Hausa. Kada kuma a tsaya ga 'ya'yanmu kaɗai. In an ɗauki ɗan Hausa ɗaya, a haɗa da ɗan masu masaukinmu ɗaya, su tafi tare, su kwana ɗaki ɗaya, su auna ciyawa ɗaya. Wannan ya fi dogon jawabi a taron sulhu.

Su kuma ɗalibai, in kun sami wannan dama kada ku raina ta. Rana za ta dake ku, ƙaiƙayi zai kama ku, abokanku da ke zaune a ofis mai sanyi za su yi muku dariya. Ku riƙe littafinku da ma'auninku, ku rubuta abin da kuka gani tsakani da Allah, ko da bai yi daidai da abin da malam yake fata ba, domin lamba ɗaya ta ƙarya tana iya ɓata aikin shekara goma. Ku yi tambaya, ku girmama leburorin gonar, da yawansu sun fi shekara ashirin suna wannan aiki kuma hannunsu ya fi na mai digiri sanin fure.

Dokokin hana kiwon sake sun riga sun zauna, jama'a kuma kullum ƙaruwa suke yi, daji yana raguwa. Shanun ƙasar nan za su koma cin abin da aka shuka musu, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Irin da za a shuka nan da shekara goma, a daminar bana ya kamata a fara zaɓensa, masu zaɓen kuwa suna aji huɗu yanzu suna yawo da takarda suna neman wurin da zai karɓe su. A buɗe musu ƙofa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kare mu a inda muke neman abinci, amin.